Mai Labule Ta Fita

Wayar ta yi ƙara sau huɗu kafin Direba ya ajiye kofin shayinsa ya ɗauka. Muryar mace ce, kuma tambayar ita ce ta kullum: "Mai Labule na nan?"

"Allah ya yi mata rasuwa, yau kwana ashirin da uku," in ji shi.

Ya ɗan janye kan wayar daga kunnensa, ya jira salati da kukan su wuce, ya amsa ta'aziyya, ya ajiye. Shayin ko hucewa bai yi ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas kafin ya yi ritaya, ita kuwa matarsa tana zaune a gindin tagar falo tana ɗinkin labule. Masu kawo mata aiki ba su san wata lamba ba sai ta wayar gidan, don ta ƙi wayar hannu, wai ɓacewa take yi a cikin yadudduka. Ran nan da safe ta yanke jiki ta faɗi a kicin, ba a kai asibiti da ita ba. Tun daga ranar wayar ba ta huta ba. Direba bai yi kuka ba. Mutane suna ta yaba haƙurinsa, shi kuwa ya san ba haƙuri ba ne. Ji yake kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta, ko an mintsine ta ba ta ji.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa. A safiyar da za ta koma, sau uku ta ji ubanta yana sanar da rasuwar a waya, da murya ɗaya, kamar mai kiran sunayen tashoshi.

"Baba, wayar nan za ta ƙarasa ka a tsaye," ta ce.

"To."

Ta yi masa bayani. Intanet ɗin gidan ta igiyar wayar yake shigowa, shi ya sa in jikokinsa suka kira shi ta bidiyo fuskokinsu ke sandarewa. Akwai kamfanin da ke kawo ɗan akwati mai kamo intanet ta iska, ba ruwansa da igiya. Sai dai in an koma can, za a rufe tsohon layin.

"Lambar ta tafi ke nan har abada. Ka yarda?"

"To."

"Baba, 'to' ba amsa ba ce."

"Na yarda."

Ma'aikacin kamfanin ya zo ranar Talata da hantsi, wani magidanci mai furfura a gemu, da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ya yi wa Direba ta'aziyya, ya ce Auta ta gaya masa. Sannan ya shiga zagaya falon da wayarsa a ɗage sama, yana neman inda sabis ya fi ƙarfi.

"Shi ma sabis ɗin nan ɗan gata ne, Baba, sai inda iska ke kaɗawa yake zama," ya ce yana dariya. Ya tsaya a gindin taga, dariyar ta ragu. "Nan ne ya fi. Amma sai an gusar da keken nan."

Keken ɗinkin yana nan yadda ta bar shi, da wani koren yadi a ƙarƙashin allura, an ɗinke rabin bakinsa. Direba ya ɗaga allurar, ya zare yadin, ya ninke. Suka kama keken su biyu suka kai shi bayan ƙofa. Ƙafafunsa sun bar rami huɗu a jikin ledar ƙasa. Ya tsaya yana kallon ramukan, yana jiran ya ji wani abu a ƙirjinsa. Bai ji ba.

Ma'aikacin ya huda bango, ya kafa ɗan katako, ya ɗora farin akwatin a kai. Ya ce daga ofis za su rufe tsohon layin da ƙarfe goma sha biyu.

Sha biyu saura kwata wayar ta yi ƙara.

"Maigida, kai ne? Ina matar nan taka mai saɓa alkawari?" Muryar wata dattijuwa ce, tana magana tana haki. "Ni ce mai wankin asibiti, ta bayan tsohuwar tashar bas, mai shuɗiyar ƙofa. Wata biyu da na kawo mata koren yadi! Na yi tafiya jinyar ƙanwata, na dawo, tagata tana nan tsirara, duk mai wucewa sai ya ga abin da nake ci. Ba ni ita in wanke ta tas."

Direba ya buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshensa, a shirye. Ya dubi agogon bango, ya dubi akwatin da fitilarsa ke ƙyaftawa.

"Ta fita," ya ce.

Ma'aikacin ya dakata da naɗe igiyar da ke hannunsa, bai juyo ba.

"Ta fita? Ita da ko kasuwa sai an ja ta? To, ka ce mata zan sake kira da yamma. Ta shirya kunnuwanta."

"Zan faɗa mata."

Ya ajiye. Ma'aikacin ya ci gaba da aikinsa, ya rubuta lambobin sirri a takarda da manyan baƙaƙe, ya nuna masa abin da zai danna in fitilar ta koma ja. Da sha biyu ta wuce, ya ɗaga kan tsohuwar wayar ya saurara, ya miƙa wa Direba. Babu ko ɗan kukan nan da layi ke yi.

"In tafi da ita, Baba, ko a bar ta?"

"Bar ta."

Bai daɗe da fita ba Auta ta kira ta bidiyo. Fuskarta tar, har gumin goshinta ana gani.

"Ka ga bambanci? Yanzu za ka huta."

"Na gani."

Bayan azahar ya zauna a falo. Babu abin da ya yi ƙara. Wajen la'asar ya tuna cewa matar nan za ta kira, kuma murya ce kawai za ta ce mata babu wannan lambar. Za ta sake gwadawa gobe, da jibi. Ya tashi ya sa takalmi, ya saka koren yadin a leda.

Tsohuwar tashar ba ɓoyayya ba ce a wurinsa. Ya bi ta bayanta, ya wuce shagon mai faci, ya sami shuɗiyar ƙofar. Dattijuwar ta leƙo da waya a hannu.

"Yanzu nake ta kiran gidanku, wai lambar..." Idonta ya sauka a kan ledar. Ta karɓa, ta warware yadin, ta ga inda ɗinkin ya tsaya a tsakiya, zare yana reto. Ta ɗago ta dube shi, shi kaɗai, da rigar da ba a goge ba. Ta zauna a bakin ƙofa, ta rufe fuska da yadin.

Ya tsaya har ta gama. Ta shiga ta fito masa da kujera da kofin ruwa.

"Ka yafe mini bakina, Maigida."

"Ba komai. Ni ne na ce miki ta fita."

"Shekara goma sha biyar tana mini ɗinki," ta ce tana share ido. "Sau nawa ina zaune ina jira, ƙarfe biyar na yi sai ta tsayar da keke, ko saura taƙi ɗaya a gama. In ce, haba, ƙarasa mini mana! Ta ce a'a, Direba ya kusa dawowa, kuma ba ya son ya tarar da zare a ƙasa. Sai ta duƙa tana tsince shi ɗaya bayan ɗaya."

Direba ya riƙe kofin da hannu biyu. Wata bas ta wuce ta bakin layin, bai bi ta da kallo ba.

"Ni ban taɓa ce mata haka ba," ya ce a hankali. Ya ƙara da cewa, "Ban ma san akwai zare ba."

Ruwan ya fara girgiza a cikin kofin, dattijuwar ta miƙa hannu ta karɓa kafin ya zube.