Hannun Gola

Kofin ya taso daga hannun Anti ya nufi bango, sai kawai aka gan shi a tafin Gola, ko shayin ciki bai gama zubewa ba.

"A tsaya," in ji darakta. Ta dafe goshi. Mai kyamara ya juya baya, kafaɗunsa na rawa saboda dariya.

Gola ya dubi kofin kamar wani ne ya ɗora masa. "Wallahi ban yi niyya ba."

"Haka ka ce ɗazu," ta ce. "Kafin ɗazun ma haka ka ce."

Shekara da shekaru ya yi yana tsaron raga, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Da gwiwa ta ce ta gaji, sai ya shiga harkar fim ta ƙofar baya: ya ɗauki fitilu, ya naɗe wayoyi, wata rana a sa masa kayan ɗan sanda ya tsaya a bayan mutane ba ya cewa uffan. Kuma yana jin daɗin abinsa, don nan ma jama'a ce, ana raha, ana cin abinci a kwano ɗaya. Yau ne karon farko da aka sa masa magana a baki. Shi ne ƙanin da ya sayar da gidan gado a ɓoye, Anti kuma yayarsa da ta gano. Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba: ta jefa kofi, ya wuce ta gefen kunnensa ya fashe a bango, shi kuwa ya tsaya ƙyam. Sai dai hannun nasa bai karanta labarin ba.

An gwada sa hannu a aljihu, ya yage aljihun. An gwada ya harɗe su ta baya, ya tare kofin da ƙirji.

Darakta ta dubi taga. "Hasken nan ya kusa tafiya, gobe kuma mai gida zai karɓi falonsa. In ba mu samu yanzu ba, wani zan sa. Ba don ba na son ka ba."

Ya san ba wasa take yi ba, sai ya ji tsoro ya kama shi. Yana son aikin nan fiye da yadda ya taɓa gaya wa kowa.

Anti ta yafito shi. Ta daɗe a harkar, har waɗanda suka girme ta Anti suke ce mata. Tana zaune a hannun kujera tana fifita da takardar wasan.

"Zo nan, ƙanena. Me na ce maka kafin in jefa kofin?"

Ya hau sosa ƙeya.

"Ka gani? Ina nan ina zubar da hawaye na gaske, kai kana kallon gwiwar hannuna."

"Ai a nan ake gane inda za a jefa, Anti."

"To ni ba wasa na zo mu buga ba. Ɗakin da uwarmu ta cika a ciki ka sayar. Ka dubi idona ka ji kunya, sauran ka bar wa bango."

Aka sake cika kofin, kowa ya koma wurinsa. Gola ya ɗauke ido daga hannunta da ƙyar, ya ɗora a fuskarta. Leɓenta na ƙasa yana rawa. Sai yanzu ya ji abin da take ta faɗa tun rana.

"Ni na goya ka a gidan nan," ta ce a hankali. "Ko shawara ban isa ka yi da ni ba?"

Kunya ta rufe shi, ta gaske, har ya rasa inda zai sa kansa. Ƙarar fashewar ta zo masa kamar daga wani ɗakin. Shayi ya gangaro a jikin bango, shi yana tsaye, hannuwansa a sake. Maganarsa ta fito da kanta: "Yaya, ki yafe mini."



"An samu," in ji darakta. Mai kyamara ne ya fara tafi, sauran suka bi.

Da ake naɗe kaya, Gola ya zauna a kan akwatin fitilu ya kira tsohon kocinsa a waya, wanda ya koya masa tsaron raga tun yana yaro.

"Baba Koci, yau na bar ɗaya ta wuce ta gefen kunnena. Ko motsi ban yi ba."

Tsohon ya ce, "To, wa da wa suka zage ka?"

"Tafi aka yi mini."

"Ikon Allah," in ji tsohon. "Kada ka bar aikin nan, ɗana."