Bawul Na Huɗu

Babanmu ya yi shekara arba'in yana gyaran mota, kuma da kunne yake aikinsa. Kafin direba ya kashe inji ya gaya masa ciwon motarsa. Shi ya sa tsofaffin abokan aikinsa har yau Mai Kunne suke ce masa. To wannan mutumin ne wata 'yar ƙara ta hana shi sakat har wata uku.

Motar tasa ta girme ni, ta girmi yayata ma. Tun muna yara take wani tak-tak-tak idan tana tafiya, Baba bai taɓa samun lokacinta ba, motocin mutane sun sha masa kai. Da ya ajiye aiki sai ya ce yanzu zai yi mata gata. Ya bari inji ya huce, ya cire murfin bawul. Kowane bawul yana da 'yar ƙusa mai saita tazararsa, da noti mai riƙe ta. Baba ya zura siririn ƙarfen awo, ya murza ƙusar da sukundireba har awon ya kama, ya danne ta, ya ɗaure noti. Haka ya bi duka takwas. Motar ta yi luf kamar jaririn da ya ƙoshi.

Bayan kwana huɗu tak-tak-tak ta dawo. Ya buɗe, bawul na huɗu ne. Ya gyara, ta dawo. Ya canza ƙusa, ya canza noti, ya zagi masu ƙera kayan zamani tun daga kakanninsu, ta dawo.

Da farko dariya nake yi. Ranar da na daina ita ce ranar da na same shi zaune a kan tsohuwar taya, yana kallon hannayensa.

"Auta," ya ce, "ƙusar da ta kwance da kanta, notinta sako-sako ake samu. Wannan kullum a ɗaure yake tam. Ke nan ni nake saita shi ba daidai ba, kuma ban ma san na yi ba. In ta sake dawowa zan kira masu sayen tsohon ƙarfe, su haɗa da akwatin kayan aikina."

Raina ya ɓaci sosai. In aka raba Baba da sifana, ban san me zai rage ba.

Washegari da hantsi ya tafi aski da ƙafa. Na fito shanya kaya sai na ga bonet a ɗage, wata mata ta tura rabin jikinta ciki, ta ɗaure zani a ƙirji, tabarau a kan hanci. Mama ce. Matar da ko ƙwan fitila ya mutu sai ta kira mutum uku.

"Mama! Me zan gani haka?"

"Rufe min baki, ki miƙo min sifana mai lamba goma sha uku."

Ban miƙa ba, don nan take na gane mai kwance bawul na huɗu. Na ce, "Kin san bawan Allahn nan ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta fara taɓuwa? Sayar da motar zai yi!"

Ta ɗago, baƙin mai a goshinta. "Shi ya jawo. Shekara talatin da ƙarar nan nake sanin ya taho. In na ji ta, na ɓoye gwangwanin alewata, na sauke ƙafa daga kujerarsa. Ranar da ya gyara ta, sai ganinsa na yi a kaina, alewa biyu a kumatu. Har wurin likitan da ya hana ni shan zaƙi ya kai ƙarata!"

"Saboda alewa kike neman haukata mijinki?"

Ta goge sukundireba da bakin zani. Sai ta ce, a hankali, "Tun ranar da jiri ya ɗebe shi a kan sitiyari bara, in ya fita ba na iya zama. Sai na ji tak-tak daga kwanar kantin magani nake samun numfashi. Kwana huɗun da ta yi shiru, a bakin taga na yi su."

"Ai sai ki faɗa."

Ba ni na ce ba. Baba ne a bakin ƙofa, gashinsa yana nan yadda ya fita da shi, ashe ya tarar da layi ya juyo. Ya taho ya karɓi ƙarfen awon, ya zura a bawul na huɗu, ya gwada notin da yatsa. Sannan ya dubi Mama.

"Wa ya koya miki?"

"Shekara nawa ina riƙe maka tocila? Ka ɗauka bango nake kallo?"

"Wata uku!" ya ce. "Wata uku ina zargin kaina, ashe ɓarawon yana zuba min shayi." Dariya ta ƙwace masa har ya dafa mota, ya share ido da bayan hannu. "Aikin dai ya yi kyau, sai dai kina matse noti da yawa. Daga kantin magani kika ce kina jinta?"

Mama ta gyaɗa kai.

Ya zaɓi awon da ya fi wancan kauri kaɗan, ya saita da hannunsa, ya ɗaure. "Wannan ba zai cutar da injin ba, kuma tun daga gidan mai za ki ji."

Yanzu abokansa tsiya suke masa, wai Mai Kunne ya kurumce, motarsa na kuka bai ji ba. Ba ya tanka musu.

Jiya da yamma muna zaune da Mama, ta ɗaga yatsa ta ce, "Ga shi nan." Ni ban ji komai ba. Ta sauke ajiyar zuciya, sannan ta tura gwangwanin ƙarƙashin matashi.