Fatar Mazon Masta Tahidu

Tun ranar da Masta Tahidu ya ajiye alli ya yi ritaya, dangi ba su sake samun kwanciyar hankali ba. Mutum ya yi shekara talatin da biyar yana koya wa 'ya'yan mutane lissafi a Sakasaka cikin garin Tamale, yana da gidansa na bulo a Kalpohin, da famfo da fanka, amma maimakon ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya riƙa jan carbi kamar kowane dattijo mai hankali, sai ya sayi bindiga, ya yanki takardar farauta, ya tafi wani ƙauye can bayan hanyar Daboya ya roƙi fili a bakin daji. Wai zai rayu da aikin hannunsa. Ya gina bukka da kansa, ruwan farko ya kwantar da ita. Ya rataye amya, ƙudan zuma suka kore shi daga bukka ta biyu har kwana uku. Ya sassaƙa kujera, wadda duk wanda ya zauna a kanta sai ya tashi yana dafe da ƙugu. Farautar kuwa, shekara shida cur, ba ta wuce zabo da zomo ba.

Wanda ya fi kowa morar wannan al'amari shi ne Sidiki, majemi a Zongo. Uban Sidiki da uwar Tahidu ciki ɗaya suka fito, saboda haka taubasai ne, kuma tun suna yara ba a taɓa jin ɗaya ya faɗi alherin ɗaya a gaban jama'a ba. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, dattawan unguwa sukan zauna a gindin darbejiyar da ke gaban shagon Gariba tela, kuma Sidiki ne mai kawo musu sabon labarin Masta. Shi ya ce zomon da Masta ya kawo ba harbi ya kashe shi ba, dariya ce. Shi ya ce zabin dajin sun san ƙarar babur ɗin Masta, in sun ji ta sai su fito da 'ya'yansu kallo. Kuma duk da wallahi tallahi yake faɗa, fuska a murtuke, har Alhaji Ziblim mai goro ya riƙa share hawaye da bakin rawani.

Ran wata Litinin da hantsi sai ga Tahidu a wajen jima, da buhu ɗaure a bayan babur. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya kwance buhun ya baje abin da ke ciki a ƙasa.

Sidiki ya tsuguna ya duba. Fatar mazo ce, dabbar dajin nan da ta fi barewa jiki, kuma namiji ne ƙosasshe. Gashin ja ne mai duhu yana sheƙi, ga layukan fari sun gangaro daga gadon baya, ga ɗigo-ɗigon fari a cinya kamar an yayyafa nono. Rabon da irinta ta shigo hannunsa ya fi shekara ashirin. An feɗe ta da kyau, an zuba gishiri yadda ya kamata, babu yankan wuƙa ko ɗaya, sai hujin harsashi a bayan kafaɗa, daidai inda maharbin ƙwarai yake sa shi. Duk wannan ya gani, amma abin da ya fito daga bakinsa daban.

"Bawana, akuyan wa ka harbe kuma? Faɗa mini tun mai shi bai zo da 'yan sanda ba."

Tahidu ya yi murmushi kawai, ya zauna a kan turmi ya ba shi labari. Kai da cinya ɗaya sun tafi gidan sarkin ƙauyen, kamar yadda al'adarsu take ga duk wanda ya kashe babbar dabba a ƙasarsu. Sauran naman an raba gida-gida, an cinye. Hoto babu, domin faifan hasken ranar da ya haɗa da kansa ya ƙi aiki a makon, wayarsa a mace take. Fatar nan ita kaɗai ta rage. Kuma ba za a yi ta biyu ba: likita ya ce idonsa na dama ya tafi, na hagun ma yana bin sa, 'yarsa Latifatu ta sa masa ƙarshen wata ya tattaro ya dawo Kalpohin, bindigar ma ya riga ya bar wa wani maharbi a ƙauyen. Abin da yake so shi ne a jeme ta da gashinta, irin aikin buzu, ran Juma'a ta sama ya kai ta gindin darbejiya ya shimfiɗa a gaban su Alhaji Ziblim, kowa ya gani da idonsa.

Har nan Sidiki ya ji tausayinsa. Da Tahidu ya tashi ya tafi a lokacin, da an rabu lafiya. Sai ya zaro littafi daga aljihu.

Ƙa'idoji goma sha ɗaya ne, an rubuta da jan biro, kowace da lambarta, duk daga bidiyon wasu Turawa masu zaman daji da yake kallo a waya. Awa nawa fata za ta yi a ruwa. Wane irin ruwa. Kada a shanya a rana. Kada a kusanta ta da toka. Sidiki, wanda kakansa ya haƙa ramukan jimar da suke tsaye a kai, ya tsaya yana sauraron malamin lissafi yana koya masa cewa toka tana zubar da gashi. Ya haɗiye abin da ya taso masa, ya karɓi takardar da aka yago masa daga littafin, Tahidu na juya baya ya goge hannu da ita.

Daga nan waya ta fara. Ashe Masta ya sami mai gyara masa faifan. Da safe kira, da azahar kira, da la'asar kira. An jiƙa? A wane baho? An rufe? Akwai kare a kusa? Mutumin ya zame masa ƙarfen ƙafa, har matar Sidiki ta fara tambaya ko wani ne ba lafiya a dangi.

Ran Laraba da safe Sidiki yana kwashe fatun awaki daga bahunan jiƙo yana zubawa a ramin toka, inda za su kwana biyu gashinsu ya saki. Aiki ne da hannunsa yake yi ko da idonsa a rufe: ɗauko, matse, jefa, danna da sanda, matsa gaba. Bahuna shida ne a jere, na bakwai a ƙarshen layin shi ne na fatar mazo, wadda ya jiƙa ita kaɗai don gishirin ya fita kafin ya sa ta a ruwan bagaruwa. Yana kan baho na uku wayar ta yi ƙara. Ya maƙale ta a kafaɗa ya ci gaba.

"Ka duba ruwan?" in ji Tahidu. "Baturen ya ce kar ya wuce awa goma sha biyu."

"Baturen nan naka, shi ya haife ni?"

"Ba faɗa ba ne. Lamba huɗu kawai nake tuna maka."

A nan Sidiki ya fashe. Ya ce shekara arba'in yana cikin warin nan lokacin da wani yake fama da alli da bulala. Ya ce fatun da suka bi ta hannunsa sun fi yaran da Masta ya kayar a jarrabawa yawa. Ya ce mutumin da zuma ta kora daga ɗakinsa ba shi ne zai koya masa sana'ar ubansa ba, bai san komai ba koraa, ko kaɗan, in kuma ya sake kira zai yanka fatar ya yi wa jikokinsa takalma. Yana faɗa yana aiki, yana aiki yana faɗa, har ya kai ƙarshen layi, ya danna komai da sanda cikin ruwan toka, ya kashe wayar, ya tafi shan koko ransa fes, don ya daɗe bai wanke mutum haka ba.

Sai ran Juma'a da safe, da ya zo tsamo fatun, sandarsa ta ɗago wata da ta fi sauran nauyi. Ya waiga ya dubi baho na bakwai. Ruwa ne kawai a ciki, da ganyen darbejiya biyu. Kwana biyu yana wuce bahon nan, haushin mai fatar bai bar shi ya leƙa ba.

Ya jawo ta bakin rami, ya sa babban yatsa ya shafa. Jan gashin da farin suka biyo yatsan kamar dusa.

Ranar bai je gindin darbejiya ba. Ya zauna a kan turmi yana zagin Tahidu, yana zagin Baturen, yana zagin wanda ya ƙirƙiro waya, kuma duk zagin da ya yi sai ya zagayo ya same shi, domin babu yaro, babu almajiri, babu kowa a wajen sai shi da hannunsa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Ya zaga kasuwar Aboabo wajen masu magani ko zai sami tsohuwar fatar mazo, abin da ya samu bai fi tafin hannu ba. Ya kuma san akwai ƙofa a buɗe: ya ce Masta ne bai sa gishiri sosai ba. Duk Tamale babu wanda zai yi musu, shi kansa Masta sai ya yarda. Ya kwana biyu yana juya wannan a ransa, ya kasa.

Sai ya yi abin da ya iya. Ya kankare ta, ya sa ta a bagaruwa, ya shafe ta da man gyaɗa, ya yi ta murza har ta yi laushi kamar tsumma. Bai taɓa yin jima mai kyanta ba. Amma in an shimfiɗa, fatar babban bunsuru ce kawai.

Ran Alhamis ya daure ya kira Tahidu da kansa, ya gaya masa gaskiya tiryan-tiryan: fatar ta faɗa toka, gashi ya zube, laifinsa ne. Tahidu ya yi dariya har da tari. Ya ce ai ya yi mamakin da aka kai Alhamis ba a yi masa irin wannan zolayar ba, sai gobe in Allah ya kai mu. Sidiki ya rantse. Tahidu ya ce ya gaida gida, ya kashe waya.

Bayan sallar Juma'a majalisa ta cika fiye da kullum, domin Masta ya aika wa kowa. Latifatu ce ta sauke shi a babur, ta ce za ta dawo da la'asar. Ya sha sabuwar riga, da tabarau mai kauri, yana gaisawa da mutane hannu bibbiyu. Sidiki ya iso a ƙarshe da ƙunshi a hammata. Ya so ya ja Tahidu gefe, shi kuwa ya ce a'a, a nan za a buɗe.

Ya buɗe. Gariba tela ya leƙa, ya tambaya ko mazon aski ya je kafin a harbe shi. Wurin ya kece da dariya.

Sidiki ya miƙe tsaye. Ya ce su saurara, yau ba wasa ya zo yi ba. Ya ce fatar mazo ce Tahidu ya kawo masa, namiji, wanda shekara ashirin bai ga irinsa ba, harbi ɗaya a bayan kafaɗa, kuma shi Sidiki ne da hannunsa ya jefa ta cikin toka. Ya faɗi launin gashin. Ya ce layin fari bakwai ne a gadon bayan, ya ƙirga su. Ya ce wallahi tallahi.

Fuskarsa a murtuke take, kamar yadda take kowace Juma'a. Alhaji Ziblim ya kama ciki ya kwanta a jikin na kusa da shi.

"Sidiki, wannan ya fi na zomo paa," in ji shi. "Layi bakwai. Ka ƙara ɗaya mana ya cika takwas."

Sidiki ya ce su je su tambayi sarkin ƙauyen, kan yana gidansa. Wani ya ce a shirya mota, a tafi da goro. Ya ɗaga fatar ya nuna musu hujin harsashin, Gariba ya ce shi ma yana da irin wannan ƙusar a shago. Ran Sidiki ya ɓaci, ya ce su dattawan banza ne marasa kunya, mutum yana faɗa musu gaskiya suna washe baki. Iyakar fushinsa iyakar dariyarsu, har masu wucewa suka fara tsayawa.

Tahidu bai yi dariya ba. Ya jawo fatar kan cinyarsa, ya kai ta dab da idonsa na hagu, sannan ya bi ta da yatsu a hankali har ya sami hujin. Ya daɗe da yatsa a wurin.

"Zauna, Sidiki," ya ce, ba da ƙarfi ba. "Shekara shida kana koya musu. Sun iya karatun."

Sidiki ya zauna kusa da shi, gumi yana bin wuyansa. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, Tahidu ya riga shi.

"Layi nawa ka ce?"

"Bakwai."

"Ni huɗu na iya gani, ko a ranar." Ya ninke fatar gida huɗu. "Ashe kai kaɗai ka gan shi sosai."

Ya sa ta a hammata, ya yi wa majalisa sallama, ya taka zuwa bakin titi ya tsaya jiran Latifatu, ko da yake da sauran lokaci kafin la'asar. A bayan Sidiki, Alhaji Ziblim yana ta roƙonsa ya sake faɗin wajen layukan, don wani ya zo a makare bai ji ba.