Hular da Ta Gama Aikinta

Ranar Talata da la'asar Tijjani ya shigo gida yana ɗingishi, gwiwar wandonsa a yage, hular kwanonsa rataye a hannu, fuskar nan kuwa fal fara'a sai ka ce wanda aka biya wa kujerar Makka. Matarsa Atika tana tsakar gida tana tankaɗe, dawowarta ke nan daga aiki. Kafin ta buɗe baki ya fara ba da labari. Tirela ce ta matse shi a Dakata, yana dawowa daga Bompai da takardun kamfanin fatar da yake yi wa aike a Challawa. Ya kauce, taya ta hau laka, mashin ya zame, kansa ya daki bakin kwalbati. Mutane suka yo kansa da salati, shi kuwa ya miƙe ya karkaɗe jiki, ya tayar da mashin ya kama hanya.

Wannan ɓangaren bai ci minti biyu ba. Sauran labarin duk na hula ne. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya nuna wa Atika ɗan ƙarjin da ke gefen hagu, bai fi tsawon yatsa ba. Shekara bakwai yana sa ta, in ji shi, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, yau kuma kankare ya gwada ta ya ji jiki. Hulunan yanzu ai robar bokiti ce. Tijjani irin mazan nan ne da in abu ya taɓa yi musu rana, to sun ƙulla zumunci da shi ke nan har abada.

Atika ta tambaye shi ko ya je asibiti. Ya ce ya tsaya kemis an wanke gwiwa. Ta ce kan fa? Ya ƙwanƙwasa hular da yatsa ya yi dariya, ya ce ai ga asibitin nan.

Ba ta yi dariyar ba. Shekara huɗu ke nan tana aiki a wani kamfanin filas a Sharada, a layin da ake jera kaya cikin kwali ana tokare su da farin soson nan mai tauri. Ta san halinsa sarai. Ba kamar katifa yake ba, da za ka danna ta dawo. In kwali ya faɗo daga motar ɗaga kaya, ko da waje bai nuna komai ba, sai an buɗe, a tarar soson ya lotsa, ya tare bugun sau ɗaya ya mutu a wurin. Zubar da shi ake yi, ba a mayar da shi. Ta kuma san irinsa ne a cikin hular kwano.

Washegari bayan sallar asuba, gari ya fara haske, ta ɗauko hular daga kan ƙusar da yake rataye ta a zaure. Ta sa yatsa ta ɗaga ƙyallen ciki, wanda gumin shekaru ya mayar baƙi. A gefen hagu soson ya lafe kamar faɗin tafin hannu, ga tsaga ta taso daga nan har tsakiyar kai, babban yatsanta yana shiga ciki. Maɗaurin ma ya tsittsinke, zare huɗu ko biyar ne suka riƙe shi.

Ta kai masa yana zaune gaban kofin koko. Ta yi magana a hankali, yadda ake yi wa mutumin da ake so kuma aka san taurin kansa. Ta ce hular nan ta gama aikinta jiya, bugu ɗaya take ɗauka. Ta tuna masa mutumin da kamfaninsu Tijjani ya taɓa kawowa ya yi wa 'yan aike bita, wanda ya ce ko hula ba ta taɓa faɗuwa ba, in ta kai wajen shekara biyar a canja ta, balle wadda aka buga da ƙasa. Shi da bakinsa ya ba ta labarin a lokacin, yana yi wa mutumin dariya.

Ko kallon cikin hular bai yi ba. Ya ce masu sayar da hula ne suka ƙirƙiro wannan zance, kuma shi ba zai yar da abin da ya ceci ransa jiya-jiya ba, wannan butulci ne.

"Abban Zainab, ka duba dai. Dubawa kawai."

"Mayar min da ita inda kika ɗauko ta, Atika."

Ya tashi ya shiga wanka. Ta tsaya da hular a hannu tana jin ƙarar ruwa, ranta a ɓace, tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa. Nan dabara ta zo mata, irin dabarar da ke zuwa wa mutum da sauri ta hana shi tunanin ƙarshenta. Ta san akwai allo a ƙofar kamfaninsu Tijjani da aka rubuta cewa ɗan aike ba ya fita babu hular kwano. In babu hula, dole ɗayan biyu, ko ya zauna a gida ya huta, ko manaja ya ba shi sabuwa. Ta cusa ta cikin jakar bakko, ta rufe da ɗankwali, ta zura hijabi, ta miƙa 'yarsu Zainab wurin maƙwabciyarta Saudat, ta fita titin Zawaciki ta tari motar kamfani.

A cikin mota har tana jin kanta mai wayo. Tana bakin lokar da suke ajiye waya kafin shiga layi, kiransa ya shigo. Ya tambayi hularsa. Ta gaya masa gaskiya, ta fara bayanin allo da manaja. Ya katse ta.

"Allon nan tun yaushe wani ya karanta shi? To ki riƙe ta. Da hular kaina zan fita, sha biyu ina da aike Bompai."

Ya kashe wayar. Ta ce a ranta barazana ce, ba zai yi ba. Ta kira Saudat don ta tabbatar. Saudat ta ce ai yanzun nan ya wuce ta ƙofar gidansu a kan mashin, da 'yar hularsa ta saƙa, ko gaisuwa bai tsaya sun yi ba.

Atika ta shiga layi, amma hannunta ne kawai a wurin. Filas, soso, kwali, filas, soso, kwali, idonta kuwa yana ganin hanyar Dakata, tireloli a jere kamar gidaje masu tafiya, ramuka cike da ruwan daminar bana, da kan mijinta a tsakaninsu babu komai sai zare. Jiya da tsohuwar hula ya faɗi ya tashi. Yau ita ce ta cire masa har wannan ɗin. Fasasshiyar hula ba ta da amfani sosai, ta sani, amma ko yaya dai ta fi hular saƙa. In wani abu ya same shi yau, me za ta ce wa Zainab? Me za ta ce wa mahaifiyarsa a Dorayi? Sau biyu tana rufe kwali babu soso a ciki.

Ƙarfe goma ta kasa jurewa. Ta je wurin shugabar layinsu, Hajiya Zulaihat, mace mai faɗa amma ba ta rasa tausayi, ta gaya mata komai a tsaitsaye. Hajiya ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wadda ta sace hula don ta kare kai, ta dawo tana gudu ta mayar ba. Sannan ta ce ta tafi, za ta sa wata a wurinta.

Daga Sharada zuwa Challawa ba wata tafiya ba ce, amma ranar kamar an ja hanyar an ƙara mata tsawo. Adaidaitar da ta samu sai da ta tsaya cika. Suna hawa titin Panshekara suka tarar da wata tanka ta maƙale a laka ta tare rabin hanya, motoci suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Atika ta rungume jakar a cinya tana kiran wayarsa. Tana shiga, ba a ɗauka. Ta ce ko fushi yake, ta yi addu'ar Allah ya sa fushin ne. Duk mashin ɗin da ya gifta sai ta leƙa ta ga kan mai shi.

Warin jimar fata ya fara yi mata maraba tun daga nesa. Ta sauka a ƙofar kamfanin sha biyu saura kwata, tana hamdala ta riga shi. Maigadin ƙofar, Malam Usaini, dattijo ne mutumin Damagaram, ya san ta tun bikinsu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta roƙi a kira mata Tijjani kafin ya fita.

Dattijon ya ce ai ya fita tun goma da rabi, an matso da aiken. Ya ce ya yi masa magana a kan hula, Tijjani ya ce a tambayi matarsa.

Malam Usaini ya jawo mata benci ƙarƙashin rumfar kwano, ya ba ta ruwa a kofin silba, ta karɓa ta ajiye. Ya ce zuwa da dawowa awa biyu ne in hanya da sauƙi, sha biyu da rabi zai shigo in sha Allahu. Ta zauna tana kallon kwanar da zai ɓullo.

Sha biyu da rabi ta yi ta wuce. Motocin fata suna shiga suna fita, ruwa yana ɗiga daga bayansu. Ƙarfe ɗaya ta yi. Wani direba da ya shigo ya tsaya yana gaya wa maigadi cewa hanyar Dakata ta cushe, an ce wani abu ya faru a gaba, shi dai bai gani ba, ya zagaye. Malam Usaini ya yi masa alama da ido ya yi shiru, amma Atika ta riga ta ji. Ta sake kiran wayar, ta yi ta ƙara har ta gaji. Aka kira sallar azahar a masallacin ma'aikata. Dattijon ya ɗauki buta, ya dube ta, ya ajiye butar ya koma ya zauna.

Biyu saura ta hango shi. Ta gane mashin ɗin tun kafin ta gane mutumin, don Tijjanin da ta sani ba ya tuƙi haka. Yana tafe a can gefen titi, a hankali kamar mai koyo, ƙafafunsa biyu suna jan ƙasa. Da ya iso bai shiga ta tsakiyar ƙofa ba, saura kaɗan ya daki ginshiƙi, Malam Usaini ne ya riƙe masa kan mashin.

Atika ta miƙe. Farin ciki ya cika ta har hawaye suka zubo, ba ta damu da ma'aikatan da ke fitowa alwala ba. Ta zaro hular daga jaka ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ka yi haƙuri, Abban Zainab. Ga ta. Ka sa ta yau, gobe mu san yadda za a yi."

Ya miƙa hannu zai karɓa, hannun ya wuce ta gefen hular ya kama iska. Ya sake miƙawa, ya taɓa bakin hular da ƙyar. Ƙyallen cikin yana nan a ɗage yadda ta bar shi da safe, lotsattsen soson da tsagar suna kallonsa. Ya daɗe yana dubawa, yana ƙifta ido. Sannan ya ɗaga hannu a hankali ya dafa gefen kansa na hagu.

"Atika," ya ce, muryarsa can ƙasa, "hula biyu nake gani a hannunki."

Da ta matsa masa, sai maganar ta fito guntu-guntu. Tun asuba kan yake sarawa. Ya yi amai a Bompai, ya sake yi a hanya. Wayar tana ta ƙara a aljihu, yana tsoron sakin hannu ya ɗauka. Ta tambaye shi me ya hana shi faɗa tun da safe. Ya ce bayan yabon da ya yi wa hular jiya, da wane baki zai ce kansa na ciwo?

Ba ta yi faɗa ba, babu lokacinsa. Malam Usaini ya riga ya fita titi da gudunsa na tsofaffi yana ɗaga wa adaidaita hannu. Suka kama Tijjani su biyu suka zaunar da shi a baya. Yana cewa mashin fa, takardun manaja fa, dattijon ya ce ya bar masa wannan. Atika ta shiga ta zauna kusa da shi, ta ce wa direba asibiti, ya yi sauri, amma don Allah ya lallaɓa a ramuka.

Adaidaita ta tashi. A ramin farko kan Tijjani ya yi gefe zai daki ƙarfe, ta tare da sauri. Ta cire masa hular saƙar, ta sa tafin hannunta ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta riƙe kan gam. Idonsa ya fara lumshewa.

"Kada ka yi barci," ta ce. "Yi min magana. Ba ni labarin jiya daga farko, ina ji."