Guɗar Baturiya

Ramata ta yi shekaru tana zuwa gidan raya al'adu don koyon fiyano, amma uwarta Baturiya ba ta taɓa jin ta kaɗa ba. Ita dai ta san 'yarta na tashi daga lekol, wato makarantar boko, ta wuce wurin wani ƙaton akwati, ta dawo unguwarsu Dagmanet tana ta ƙwanƙwasa tabarma da yatsu. Maƙwabta har sun gaji da tsokana. Kullum sai an tambaye ta yaushe Ramata za ta fara roƙo a gidajen biki.

Sai ga gasar da masu lekol ke kira konkur. Za a ɗauki bidiyon kiɗa mai kashi uku a zama ɗaya, babu yanka babu gyara, wanda ya ci ya tafi Dakar karatu. Ranar ƙarshe ta aikawa, Baturiya ta ɗaura zanen babbar salla ta ce yau da ita za a je. Ramata ba ta so ba, amma wa zai ce wa uwarsa zauna gida?

Malam Issouf, mai koya mata, ya kafa tarhon ɗaukar bidiyo ya ɗaga hannu. Ramata ta soma. Wurin da ke harɗe mata yatsu tun da damina, yau ya wuce sumul, har ita kanta ta ji daɗin abin da ke fitowa. Ta kai ƙarshen kashi na farko ta ɗaga hannuwa, ta yi shirun da ake yi kafin na biyu.

Nan Baturiya ta rangaɗa guɗa.

Ba ƙaramar guɗa ba ce, irin wadda ake nemanta dominta a bukukuwan unguwa. A wurinta, a yi abin kirki a gabanka ka yi gum, baƙin ciki ne. Malam Issouf ya dafe goshi.

"Pardon, Inna," in ji shi. "A wannan kiɗan ba a yin ko tari sai an gama. Dole mu sake."

Baturiya ta dubi 'yarta, Ramata ta sunkuyar da kai. Kunya ta kama yarinyar, ga haushi, ga kuma tausayi. Uwar ta ɗauki takalmanta ta fita.

Aka sake. Yatsu sun gaji, gumi na sauka kan farin maɓalli. Da Ramata ta kai wurin shirun nan, sai ta ji ɗakin ya yi mata faɗi, saura kaɗan ta manta abin da ke gaba. Ta cije ta ci gaba. Bai kai na farko daɗi ba, ta sani, amma babu kuskure. Malam Issouf ya ce a haka za a aika.

Ta tarar da uwarta a gindin katanga, a rana tsaka, ta cusa bakin gyale a baki tana riƙe da shi da hannu biyu. Ashe duk ta ji, ta taga.

Baturiya ta zare gyalen, ya jiƙe sharkaf.

"Ramatata, ban ɓata miki ba ko?"

"Ba ki ɓata ba, Inna."

"To an gama? Yanzu ina iya yi?"

Ramata ta durƙusa ta ɗora kai a cinyarta.

"Yi, Inna. Don Allah ki yi."