Ruwan Ɗorawa a Ɗakin Baturiya

Shekara talatin da huɗu Malam Ghali da matarsa Baturiya suka yi a Ba'awa, cikin ɗakin da bai taɓa ganin fenti ba, sai shafen siminti.

Da idonta ya fara dushewa, ta ɓoye masa har tsawon watanni. Sai ranar da ya ga tana laluben ludayi alhali ga shi a gabanta ya gane. Ya kai ta asibiti a Kano. Likita ya daɗe yana haska idon, sannan ya ja Ghali gefe ya ce jijiyar ta riga ta lalace, ɗan ganin da ya rage ma tafiya yake yi.

A mota suna dawowa, da suka zo inda aka shanya masara a bakin titi ta taɓa hannunsa.

"Malam, waccan masara ce?"

"Ita ce."

"To ita ina ganinta. Komai ya zama hazo, amma ruwan ɗorawa yana shiga idona tar."

Ranar kasuwar Kafin Maiyaƙi ya sa masara ɗaya a aljihu, ya hau babur zuwa shagon Balarabe mai fenti. Ya ajiye ta a kan tebur ya ce irin wannan yake so. Balarabe ya yi ta haɗawa, yana ɗiga ja kaɗan-kaɗan, har launin ya fito kamar zinariya.

Ghali ya kai Baturiya Bebeji gidan 'yarsu Ramla, ya ce kada warin fenti ya dame ta, kwana uku ne kawai. Amma ruwan ƙarshen damina ya ƙi ɗaukewa. Bango ya sha danshi, fentin ya kumbura ya ɓare. Ya kankare, ya jira ya bushe, ya sake shafawa da hannunsa. Kwana uku ya zama mako uku.

Da hantsi ya dawo da ita. Ya buɗe taga, rana ta shigo, ɗakin ya ɗauki haske kamar an kunna wuta a cikinsa. Ya riƙo ta har tsakiyar ɗaki, ya tsaya yana kallon fuskarta.

"Masha Allah," in ji ta. "Ya yi kyau, Malam. Allah Ya saka da alheri."

Labulen ƙofa take fuskanta, wata tsohuwar atamfa shuɗiya.

Nan Ghali ya gane ko ruwan ɗorawar ba ta gani. Ya zauna a bakin gado.

"Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun Juma'ar da ta wuce. Na tashi da safe ina tambayar Ramla ko gari bai waye ba. Ni na hana ta gaya maka."

"Da ban tsaya jiran bango ba..."

"Kar ka faɗi haka. Abin da Allah Ya rubuta ne." Ta miƙa hannu. "Kai ni in taɓa."

Ya kai ta. Ta shafa bangon a hankali, ta ce ya yi santsi, ta tambaye shi ko ya shafa har bayan gado. Ya ce ya shafa.

Matan unguwa suka yi ta shigowa jaje da ganin ɗaki, tana amsa musu da fara'a. Shi kuwa ya fita tsakar gida, ya ɗauko igiya, ya ɗaura daga ƙofar ɗakin zuwa madafi, daidai tsayin hannunta.