Rijiyar da Kwaɗi Suka Ƙaurace wa

"Mama, me ya sa ruwan gidan nan yake warin babur?"

'Yata Nasiha ce, mai shekara huɗu, ta jefo mini tambayar, kuma a gaban Mama Filomina, mai gidan da muke haya a Gangaren Tudu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsohuwar malamar makaranta ce, ko tsinke ba ka gani a tsakar gidanta, rijiyarta kuwa ita ce abin alfaharinta.

Ta yi dariya. "Kai, wannan 'yar da hancin tsiya! Kananzir ne, Maman Nasiha. Ni na ɗiga saboda sauro."

Da yawa haka suke yi a unguwar, sai na yarda. Amma aka yi wata biyu warin bai tafi ba, ƙaruwa ma yake yi. In na jawo guga, sai in ga wani shuɗi-shuɗi da ja-ja yana yawo a saman ruwan kamar bakan gizo. Ƙuraje suka feso wa Nasiha a wuya. Na koma sayen ruwan sha, amma wanka da na rijiyar nake mata, Allah Ya yafe mini.

Shirun gidan ne ya fi damuna. Ana tsakiyar damina, kwaɗi na kuka a kowane gida, ban da namu. Ƙadangarun da ke shan hantsi a bakin rijiyar suka ƙaura. Gwaibar da ke gefenta ta zubar da ganye. Ko kajin Mama, in an zuba musu ruwan, sai su leƙa, su karkata kai, su juya.

"Rijiyar yasa take so," in ji Mama. Ta aika wa Baba Ɗan'azumi, wanda ya shekara talatin yana shiga rijiyoyin Keffi, ya ce zai zo Asabar da safe.

Ranar Asabar ɗin na bar Nasiha wurin Mama na tafi markaɗe. A dawowa na yanke ta bayan tsohon gidan man da ke saman tudunmu. Tun kafin mu tare aka rufe shi. An ce ma'aikatan hukuma ne suka gwada tankunan da ke binne a ƙasa, suka tarar ɗaya ya ci tsatsa, suka hana sayar da mai, suka umarci mai wurin ya kwashe abin da ke ciki ya tono tankin. Shi kuwa ya cire famfunansa ya yi gaba. Allon da suka kafa yana nan, har da lambar waya, rana ta kusa cinye rubutun.

Ciyawa ta kai gwiwa ko'ina, kore shar. Sai wuri ɗaya. Daga wani murfin ƙarfe da ke ƙasa, ciyawar ta mutu, ta yi wani layi ja mai faɗin tabarma, ya gangara ɗoɗar kamar an ja gawa. Na bi shi da ido. A gindin katangarmu ya tsaya, daidai bayan rijiya.

Na durƙusa kusa da murfin. Warin ruwan wankan 'yata ne ya bugi hancina. Can ƙasa kuma wani abu yana ɗiga, ɗis, ɗis, cikin babban rami.

Nan na tuna yadda masu yasa ke yi. Kafin mutum ya sauka, sai ya kunna fitila, ya ɗaure da igiya, ya zura ta. In ta mutu, iskar ciki ba ta da kyau.

Ban san yadda na gangara ba. Na tarar da Baba Ɗan'azumi a bakin ƙofar tsakar gida, fitilar ƙwai na ci a hannunsa, yana ɗaura mata igiya. An buɗe murfin rijiyar. Nasiha na tsaye a bakinta, ta ɗaga dunduniya tana son ganin yadda wuta za ta sauka.

Ban yi sallama ba. Na juye masa robar markaɗen gaba ɗaya a kan fitilar.

"Subhanallahi!" Ya dubi rigarsa, tattasai na gangara. "Yarinya, miya ake ba baƙo da tuwo, ba a jiki ba."

"Baba, ka yi haƙuri. Fetur ne a ciki."

"Ni za ki koya wa rijiya? Ina shiga rami tun ba a haifi mijinki ba."

"To ɗebi ruwan a gwangwani, mu je can bakin hanya."

Ya ɗiba yana gunaguni, Mama na biye tana cewa na zubar mata da mutunci. Ya ajiye gwangwanin a fili, nesa da gida, ya ƙyasta ashana ya jefa.

Ruwan ya kama. Wata wuta ce mai shuɗi, ba ƙara, ba hayaƙin kirki, tana lilo a kan ruwa. Mama ta ce, "Yesu!" ta kama hannuna. Baba Ɗan'azumi ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana kallon Nasiha.

Na koma na kwafi lambar da ke allon. Ma'aikatan suka zo da na'urarsu, suka hana kunna wuta a gidaje huɗu, kwana biyu a maƙwabta muka yi girki. Da katafila ta fito da tankin, hujin da ke jikinsa bai fi a zura yatsa ba. Ta nan ya shekara uku yana tsiyaya zuwa wurinmu.

An toshe rijiyar da siminti. Mama ba ta bi ta gefen yanzu. Ƙurajen Nasiha sun warke, amma likita ya ce in riƙa kawo ta ana dubawa, kuma ina kaiwa.

Ke da ke karanta wannan, in ruwanki ya canza wari, kada ki yarda da zancen kananzir, ko wa ya faɗa. Janye yaranki, kada kowa ya matso da wuta, ki hau tudu ki ga abin da aka binne a sama da gidanki. In kin gani, kira hukuma ranar, kada ki jira Asabar.